Tsohon injin gem: a gyara yau, gobe ya sake mutuwa

A cikin ƙananan sana'o'in da ake jinginawa da kanti ko rumfa domin samun ƙarin kuɗin cefane, akwai wadda ba a cika maganarta ba, wato ajiye injin gem. Muna nufin dogon akwatin nan na katako mai tele a cikinsa, da sandar tuƙi da maɓallai a gaba, wanda yaro ke jefa wa kuɗi ko jeto ya tsaya yana dambe da abokinsa a cikin allo har ɗayansu ya faɗi. Gaskiya ne wayar salula da PlayStation sun kwashe mafi yawan wannan kasuwa, amma har yanzu wanda ya bi lungunan Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai zai iya cin karo da su jefi-jefi, a cikin zaure, ko bakin gidan kallo, ko a ƙofar gidan mai sayar da ƙanƙara da zoɓo, a gefen firjinta.

Koken masu su kusan iri ɗaya ne. Inji ya mutu, an kira mai gyara, ya buɗe ya canza wani ɗan abu, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Bayan kwana uku ko mako guda ciwon ya dawo kamar ba a taɓa shi ba. A ce injin yana kawo jika ɗaya a yini. Idan ya yi kwana 10 a mace cikin wata, jika 10 sun tafi ke nan, ban da kuɗin gyara, ban da kuma yaran da suka gano wani wuri suka saba da shi. Daga nan sai zargi ya shigo. Wani ya ce mai gyara ne ke ajiye ciwo don a sake kiransa, wata ta ce bakin mutane ne. To amma a mafi yawan lokuta maganar ba ta kai can ba. Abin da ya ƙone shi aka canza, ba a tsaya an nemi abin da ya ƙona shi ba.

Tsofaffi ne, kuma baƙi ne

Ya kamata mai karatu ya fara da sanin shekarun waɗannan injuna. A Amurka ne kamfanin Atari ya fito da Pong a 1972, sannan Japan ta shige gaba da Space Invaders na kamfanin Taito a 1978 da Pac-Man na Namco a 1980. Waɗanda yaranmu suka fi sani na bayansu ne, na dambe da ƙwallo: Neo Geo na kamfanin SNK a 1990, Street Fighter II na Capcom a 1991, da Mortal Kombat na Midway a 1992. Ke nan mafi ƙuruciya a cikin waɗannan ya haura shekara 30. Sun gama yi wa masu su aiki a ƙasashen waje kafin a loda su a kwantena tare da tsofaffin firji da tele, su iso ta tashoshin jiragen ruwa irin na Kwatanu da Lome.

Kuma ba don wutarmu aka ƙera da yawansu ba. Kuran ɗin Nijar bolt 220 ne, kusa da na Faransa. Na Japan bolt 100 ne, na Amurka kuwa 120. Injin da ya fito daga Turai ba shi da matsala ta wannan fanni, amma na Japan ko Amurka dole sai an sa masa transfo mai rage wuta, ko a canza haɗin wayoyin transfon da ke cikinsa idan yana da wannan hanyar. Sau da yawa wanda ya fara kawo injin yakan sa masa ɗan ƙaramin transfo mai araha, irin wanda ya dace da rediyo, alhali akwati mai tele a ciki yakan ci tsakanin wat 100 zuwa 200. Transfon sai ya yi ta zafi, wutar da yake bayarwa tana faɗuwa, shekara da shekaru ana ta gyaran wasu wurare. Akwai ɗan falle a bayan akwatin ko a jikin transfo da aka rubuta bolt ɗin da yake so. Shi ne abu na farko da za a duba, kuma ko ba ka da ilimin lantarki za ka iya karanta lamba.

Idan aka buɗe bayan akwatin, abubuwa huɗu ne a ciki. Akwai hanyar shigowar wuta, wato waya da fizibil da transfo. Akwai ƙaramin akwatin ƙarfe mai raba wuta, wanda masu gyara ke kira alim, shi ke mai da babbar wuta ta koma bolt 5 da bolt 12. Akwai katin wasa, wani faffaɗan falle kore cike da ƙananan kayan lantarki, shi ne ƙwaƙwalwar injin. Sai tele. Mai gyaran da ya san aikinsa yana bin su ne bi da bi, daga bango zuwa ciki. Wanda ya fara da kati alhali bai auna wutar bango ba, ya fara gini daga rufi.

A fara da bango

Wani kaso mai yawa na wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa daga Najeriya yake zuwa: layin Birnin Kebbi na kai wa Yamai, layin Katsina kuwa ta Gazawa yake bi ya ciyar da Maraɗi da Damagaram. Kowa ya tuna yadda aka katse wannan wuta a 2023 sai a 2024 aka maido ta, da yadda masu shaguna da yawa suka koma ga gurup a lokacin. Ko babu irin wannan, lokacin bazara da kowa ya kunna fanka da firji, wutar da ke isa ƙarshen unguwa takan yi rauni, musamman da yamma. Idan injinka lafiya lau yake da safe amma kullum bayan magariba yake fara rikici, kada ka bari a taɓa katinsa tukuna. A auna priz a daidai wannan lokacin.

Ga wani abin da ya shafi mata masu sayar da ƙanƙara. Wuri ɗaya ne, priz ɗaya ce, don haka sai a jona firji da injin gem a ralonj guda. Duk lokacin da motar firji za ta tashi, tana jan wuta ninkin abin da take ci idan tana tafiya, har sau da yawa, na ɗan ƙiftawar ido. Ampul zai ɗan dishe ya dawo, ba wanda ya damu. Amma katin wasa ba ya haƙuri da wannan: sai ya ɗauke ya sake farawa daga farko, kuɗin yaro ya bi ruwa, rigima ta tashi a ƙofar gida. Gwajin ba ya buƙatar ko dala: a tsaya a saurara, idan ɗaukewar gem na zuwa daidai da ƙarar tashin firji, an kama ɓarawo. Magani shi ne a raba musu layi, kowa da wayarsa mai kauri tun daga kontar. Siririyar ralonj ta kasuwa mai tsawon mita 10 ita kanta tana cinye wuta a hanya, kuma idan ka taɓa kanta ka ji ɗumi, to ba ta iya ɗaukar kayan ba.

Ƙaramin gurup ma haka yake, wutarsa na hawa da sauka gwargwadon nauyin da aka ɗora masa. Regilatar na taimakawa idan ƙarfinsa ya fi abin da injin ke ci. Amma ɗabi'ar da ta fi kowane regilatar araha ita ce a zare waya da zarar an ɗauke wuta, a kuma jira minti biyar bayan dawowarta kafin a mayar. Firji ma yana son wannan jiran.

Fizibil ba shi da laifi

Fizibil ɗan siririn zare ne a cikin kwalba, an yi shi ne musamman don ya ƙone kafin sauran kaya su ƙone. Idan ya ƙone sau ɗaya bayan tsawa ko dawowar wuta da ƙarfi, a canza shi a ci gaba. Idan ya sake ƙonewa a karo na biyu, akwai abin da ke jan wuta fiye da kima a ciki, kuma canza shi sau goma ba zai hana ba.

A nan ne ake yin babban ganganci. Wasu sukan naɗe shi da takardar azurfa ta kwalin taba, ko su ɗaura masa zaren jan ƙarfe, ko su sa wanda ya ninka lambarsa. Inji zai tashi, mai shi ya yi murna. Amma yanzu babu mai gadi, don haka abin da zai ƙone a gaba shi ne transfo ko wayoyi, a cikin akwatin busasshen katako mai cike da ƙura. Ƴan kasuwar da suka ga gobarar babbar kasuwar Yamai a 1982, ko ta ƙaramar kasuwa a 2012, ba sa buƙatar a yi musu bayanin abin da wuta ke yi idan ta kama cikin rumfuna. A mayar da fizibil mai lamba daidai da wadda aka rubuta. A kuma lura da harafin da ke gaban lambar: mai T yana jure ɗan jan wutar da tele ke yi a lokacin kunnawa, mai F kuwa nan take yake tsinkewa. Idan aka sa mai F a gurbin mai T, zai riƙa ƙonewa ko da injin lafiyarsa lau.

Hanyar gano mai laifi ita ce a rarrabe. A cire wayar tele, a cire ta fitilar saman akwati, a cire ta alim, sannan a riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya har a ga wanda ke ƙona fizibil. Tsofaffin masu gyaran tele suna da wata dabara: su jona tsohon ampul mai zare a kan hanyar wutar. Idan ya haska ya dishe, lafiya. Idan ya tsaya da haske sosai, akwai wurin da wayoyi suka haɗe, kuma an gano haka ba tare da an yi asarar ko fizibil ɗaya ba. Wani lokaci ma mazaunin fizibil ɗin ne ya yi tsatsa ko ya saki, yana zafi har ya narkar da zaren.

Maganar bolt 5

Idan akwai wuri ɗaya da ya fi yawan haddasa ciwo mai tafiya yana dawowa, to nan ne, don haka bari mu ɗan jima a kansa.

Kayan da ke kan katin wasa da bolt 5 suke aiki, kuma haƙurinsu kaɗan ne: daga 4,75 zuwa 5,25. Ƙasa da haka sai hoto ya cika da zane-zane marasa ma'ana, ko wasa ya daskare, ko inji ya yi ta sake farawa da kansa. Sama da haka kuma kayan su yi zafi su mutu a hankali. Wutar tana fitowa daga alim, ta bi wayoyi, ta shiga kati ta wani dogon baki mai haƙora. Tun 1985 kamfanonin Japan suka daidaita wannan baki, aka sa masa suna JAMMA, mai haƙora 56, 28 a kowane gefe. Albarkacinsa ne ake iya zare katin dambe a sa na ƙwallo a cikin akwati ɗaya.

To waɗannan haƙora su ne ke tsufa. Ƙura da danshi suna sa musu dauɗa da tsatsa, matsewarsu ta ragu. Wuta idan ta zo wucewa ta wurin da bai matse ba, sai wurin ya yi zafi. Zafin ya ƙara tsatsa. Tsatsar ta ƙara zafi. A haka har ka ga haƙoran farko sun yi baƙi, robar ta ƙone. Tsofaffin injunan Pac-Man, waɗanda suka riga JAMMA, sun yi suna a duniya da wannan ciwo na ƙonewar baki.

Ga yadda ake faɗawa tarko. Mai gyara ya auna a bakin alim ya ga bolt 5 cif, ya ce wuta lafiya. Alhali abin da ke isa cikin kati 4,6 ne, sauran ya ɓace a hanya. Wani kuma ya gane wutar ba ta isa, sai ya murɗa ɗan maɓallin da ke jikin alim ya ƙara ta har inji ya tashi. Ya tashi kuwa, na mako ɗaya ko biyu, sai tsatsa ta ƙaru a sake kiransa ya sake murɗawa. Ranar da wani yaro ya jijjiga akwatin haƙoran suka matse da kyau, duk wutar da aka ƙara sai ta afka cikin kati gaba ɗaya. A nan ne ake asarar katin da ba a samun irinsa a kasuwa.

Abin da ya dace shi ne a auna a kan katin kansa, inji yana aiki, a kuma gwada da abin da alim ke bayarwa. Idan tazarar ta yi yawa, a zare kati a goge haƙoransa da magogin fensir da ɗan alkol, ba da takardar yashi ba, don tana kankare rufin da ke kare su. Idan bakin da ke jikin wayoyi ya saki ko ya ƙone, a canza shi ɗungurungum. Sai bayan haka a daidaita wuta zuwa 5 ko 5,1. Haka nan akwai kayan da ba a liƙe su da dalma ba, zama kawai suke a cikin mazauninsu. Zafi da sanyi na sa su ɗago a hankali, kuma danna su da yatsa, inji a kashe, ya sha tayar da katin da aka fid da rai da shi.

Bazara, hunturu da damina

Kowane lokaci na shekara da irin ɓarnarsa. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40 a inuwa, cikin rufaffen akwati kuwa a ƙarƙashin kwano ya fi haka nesa. Abin da zafi ya fi ci shi ne kondansatar, ƴan gwangwanayen nan masu kama da ƙaramin batir da ke cike a jikin alim da tele. Akwai ruwa a cikinsu, kuma yana bushewa. Ƙa'idar da masu ƙera su ke bi ita ce, duk ƙarin digiri 10 na zafi yana raba kwanansu biyu. Alamominsu sanannu ne: hoto ya tsuke ko ya naɗe daga sama, ya riƙa rawa kamar ruwa, lasifika ta yi ta gurnani, ko inji ya ƙi tashi da safe sai ya ɗauki minti goma yana ɗumi.

Idan ɗaya ya kumbura aka canza shi kaɗai, sauran ƴan uwansa shekarunsu ɗaya da shi, layi kawai suke jira. Shi ya sa ake ganin gyara ba ya ƙarewa. Gara a haɗa kuɗi a canza su duka a zama ɗaya, da sababbi masu lambar digiri 105 maimakon 85. A kuma tambayi mai gyara daga ina ya samo su, domin wanda aka ciro daga mataccen tele ba sabo ba ne, ko da ya yi kyau a ido.

Wani ciwon zafi shi ne tsagewar dalma. Ƙarfe na buɗewa idan ya yi zafi ya tsuke idan ya huce, kullum, shekara 30. Daga ƙarshe liƙin da ke riƙe da manyan kaya ya yi siririyar tsaga da ido ba ya gani sosai. Alamarsa ita ce injin da ake mari a gefe ya dawo. Yara sun fi kowa sanin wannan magani, kuma kowane mari yana ƙara faɗin tsagar. Sabunta liƙin aikin awa ɗaya ne a hannun wanda ya iya.

Hunturu na cika akwatin da ƙura, damina ta zo ta jiƙa ta da danshi, ta zama hanyar da wuta ke bi inda bai kamata ba. Ga kusu da ke cin waya yana fitsari a kan kati, ga kyankyasai, ga tsaka da ke son ɗumin alim har ta haɗa wayoyi da jikinta. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a lulluɓe injin da zane ko leda don kare ƙura alhali yana aiki, a toshe masa hanyar iska. A rufe shi idan an kashe, a buɗe idan an kunna. A sa raga a ramukan iska, a ƙara masa ƙaramar fanka mai bolt 12, a janye shi daga jikin bango da kamar taki ɗaya, a kuma ɗora shi a kan bulo saboda ruwan damina da gara.

Inda ba a sa hannu

Duk abin da muka faɗa na shara da duba lamba, mai inji zai iya yi bayan ya zare waya. Amma tele ba wurin gwaji ba ne. A bayan kwalbarsa akwai wata jar waya mai kauri da ke manne da faifan roba. Tana ɗauke da bolt sama da 20.000, kuma kwalbar tana iya riƙe caji kwanaki bayan an kashe. Mai gyaran tele ya san yadda ake sauke shi kafin ya taɓa. Kada a bar yaron shago ya koyi aiki a nan. Wuyan kwalbar kuma siriri ne, ɗan bugu ya ishe shi, kuma masana'antu sun daina ƙera irin waɗannan kwalabe.

Abin da ke haifar da wannan babbar wuta shi ne wanda masu gyara ke kira THT. Idan ya tsufa jikinsa kan tsage, ka ji ƙara tsit-tsit da wani wari mai kaifi, musamman da damina. Yakan kashe babban transistar da ke tura shi. Mai gaggawa sai ya canza transistar kawai, bayan kwana biyu sabon ma ya bi sahu. A nan ma, wanda ya mutu ba shi ne mai laifi ba.

Akwai kuma wani transfo a ƙasan tsofaffin akwatuna da yawa wanda ke rikita wasu, don abin da ya shiga shi ne ke fita, ba ragi ba ƙari. Sai su ɗauka ba shi da amfani su tsallake shi idan ya lalace. Aikinsa shi ne ya raba tele da wutar bango kai tsaye. Idan aka cire shi, wuta na iya hawa ƙarfen injin, ta ƙona tele da kati, ko ta kama mutum.

Wannan ya kawo mu kan ƙorafin da bai kamata a kwana da shi ba: yaro ya ce ƙofar jefa kuɗi tana jan shi. An ƙera injunan nan ne da waya uku, ta ukun ita ce ta ƙasa, wadda ke kwashe duk wutar da ta ɓalle ta kai ta cikin ƙasa. Yawancin priz ɗin shagunanmu biyu ne kawai, wasu ma sukan karya ƙafa ta ukun don ta shiga. Da rani, ƙasa a bushe, abin ɗan tsikari ne ana dariya. Da damina, yaro ba takalmi a kan jiƙaƙƙen daɓe, magana ce ta rai. A kashe injin nan take, a kira mai aikin kuran ya kafa sandar jan ƙarfe a ƙasa, a wuri mai danshi, ya haɗa ta da ƙarfen akwatin, ya kuma sa masa disjonktar mai lamba 30 mA, irin wanda ke yanke wuta da zarar ta fara bi ta jikin mutum. Kuɗin wannan aiki bai kai na zuwa likita sau ɗaya da ɗan maƙwabci ba, balle abin da ya fi haka.

Ɗan batir mai babbar ɓarna

Masu Neo Geo su sa a duba musu wani ƙaramin batir da ke liƙe a kan kati. Shi ke riƙe agogo da tsarin farashi, da kuma lissafin kuɗin da aka jefa, wanda ke da amfani ƙwarai ga mai injin da ya bar yaro yana tsaro. Idan ya tsufa yakan yi yoyo, ruwansa ya cinye siraran hanyoyin wutar da ke kewaye da shi. Injin da ke manta farashi ko lissafi duk safiya yana ba da sanarwa ne. A cire batirin a wanke wurin tun kafin ɓarna ta yaɗu. Katunan Capcom kuwa na tsarin CPS-2, waɗanda suka fara fitowa a 1993, idan batirinsu ya mutu wasan gaba ɗaya yake ƙin tashi. An daɗe ana ɗaukarsu matattu, amma an gano hanyar farfaɗo da su, don haka ba abin jefarwa ba ne.

Tsakaninka da mai gyara

Ɗan kasuwa ya san amfanin littafin bashi. Injin ma a yi masa nasa. Duk ranar da ya yi rikici a rubuta: ƙarfe nawa, wutar kamfani ce ko gurup, minti nawa da kunnawa, me aka gani a allo, an ji wari ko ƙara, an yi ruwa ko ba a yi ba, me kuma aka canza a gyaran baya. Ciwon da ke zuwa nan take da kunnawa daban yake da wanda ke jira sai inji ya yi zafi, kuma mai gyara ba ya nan lokacin da abin ke faruwa. Shafi ɗaya na irin wannan rubutu na iya rage masa aikin yini guda, kai kuma ya rage maka kuɗi.

Idan ya zo, a duba ko ya zo da mitar awo. Wanda ya zo da sukudireba kaɗai, canke zai yi. Idan ya ce, "Alhaji, wannan ne ya ƙone," ko "Hajiya, ga abin da ya mutu," a tambaye shi cikin girmamawa, "To malam, me ya ƙona shi?" Mai gaskiya ba zai ji haushi ba. A karɓi tsohon kayan da aka cire a ajiye. Kada a sallame shi da zarar hoto ya fito. A bar injin ya yi awa biyu ko uku yana aiki da bayansa a rufe, kamar yadda zai yi a gaban yara. Kuma a yi ciniki tun farko cewa idan ciwo ɗaya ya dawo cikin mako biyu, zai dawo ba tare da sabon kuɗin hannu ba. A ganinmu shi ma mai gyara a yi masa adalci: wanda ya ce a canza kondansatar 20 da baki da waya, mai inji ya ce shi dai a yi masa na jika ɗaya, bai kamata a zage shi ba idan abin ya dawo.

Wani lokaci lissafi kan nuna cewa gyara ba zai fid da kuɗinsa ba, musamman idan kwalbar tele ta dishe ko THT ɗinta ya ɓace a kasuwa. A nan ana iya barin akwatin da maɓallansa, a sa masa allo shafaffe na zamani da sabon alim, da katin China mai ɗaruruwan wasanni irin su Pandora's Box, wanda ke shiga bakin JAMMA ɗin nan. Yana cin wuta kaɗan, zafinsa kaɗan, babu kuma babbar wutar kwalba. Sai dai raunin wutar bango da rashin wayar ƙasa suna nan yadda suke, kuma za su ci sabon kamar yadda suka ci tsohon idan ba a gyara su ba. Tsohon katin da aka cire kuwa, kada a miƙa wa masu sayen ƙarfe a kilo. Masu tara tsofaffin wasanni a Turai, Amurka da Japan suna neman na asali, har waɗanda suka lalace. A naɗe shi da takarda, a sa a kwali, a ajiye a busasshen wuri nesa da kusu, a rubuta sunan wasan a bayan kwalin.